Wayar Dogo a Bayan Katanga

Litinin 4 ga wata, ƙarfe 11 na safe

Malam ya ce za a canja mana kamfanin intanet. Haka kawai ya faɗa yana ɗaura igiyar takalmi, kamar mai cewa sabulu ya ƙare. Wai na yanzu yana da nawa, wai in yana ɗora sakamakon ɗalibansa sai abin ya tsaya yana kewaya wuri ɗaya. Shekara shida muna tare da kamfanin nan. Mutumin da ko buroshin haƙori ba ya canjawa sai gashin ya zube, yau shi ne mai neman sabo. Ruwa ba ya tsami banza.

Na ce, "Malam, ni dai yana yi mini aiki. Duk hotunan ɗinkin da ake turo mini suna shigowa."

Ya ce, "Kina ji? Na riga na gama magana da su. Ran sha takwas za su zo su haɗa."

Shekara ashirin da bakwai yana ce mini Maman Dogo. Tun ranar da ɗanmu Dogo ya bar gida sunana ya koma "Kina ji". Ina ji, Malam. Kunnena ƙalau.

Saura mako biyu ke nan.

Talata 5, ƙarfe 5 da minti 10 na yamma

Dogo ya zo. Huɗu da minti talatin da takwas ya hau, huɗu da minti arba'in da bakwai ya sauka. Minti tara.

Bari in rubuta yadda abin yake, ko don in tabbatar wa kaina ban zare ba. Bara Dogo ya saka mini wata manhaja a waya, wadda ke nuna duk wayar da ke kan intanet ɗin gidan nan, don mu kama maƙwabtan da ke sha mana ba sallama. Ban taɓa kama kowa ba. Na ma manta da ita. Sai mako biyu bayan tafiyarsa hannuna ya taɓa ta bisa kuskure, na ga sunaye uku a jere. Wayata. Talabijin. Wayar Dogo.

Na duba ɗakinsa, na duba banɗaki, har ƙarƙashin gado na leƙa kamar wata mahaukaciya. Kafin in dawo sunan ya ɓace.

Sim ɗinsa yana nan inda ya bar shi, cikin kofin shayi a saman firij. Ba shi da layi, ba a samunsa, yau mako bakwai. Amma wayarsa ta san gidan nan, da ta zo kusa take hawa da kanta. Wuri ɗaya ne sabis ɗinmu ke fita waje, lungun bayan kicin, inda ake ajiye durom ɗin shara. Nan ɗana yake tsayawa, duk Talata da Alhamis, ranakun da ya san babansa yana darasin yamma har ƙarfe shida.

Ba na leƙawa. Idan na leƙa, wani ma zai ga inda nake kallo. Abin da nake yi kawai, na ja keken ɗinki kusa da tagar baya, da na ga sunan sai in taka shi da ƙarfi, ko da ƙyalle ne marar amfani, don ya ji uwarsa tana nan da ranta.

Ban faɗa wa Malam ba. Ya ce kada a ƙara ambatar sunan yaron nan a gidansa, ni kuwa mace ce mai bin umarni idan umarnin ya yi mini daidai.

Laraba 6, tsakar rana

Na yanka hannun riga biyu duk na hagu.

Alhamis 7, ƙarfe 5 na yamma

Minti shida yau.

Ba zan rubuta abin da ya gani a ma'ajiyar kayan da yake aiki ba, ko wanda ya faɗa wa. Takarda ba ta da amana. Abin da zan rubuta shi ne, farar motar nan da ke gadin gidanmu da ido tun bayan tafiyarsa ta dawo. Tana gaban shagon mai gyaran fanka tun hantsi, gilashi a rufe, inji a kashe. Mutum biyu. Wane irin mutum ne zai zauna cikin mota a rufe tsawon yini bai ko sauke gilashi ya tofar da yawu ba?

Daga inda suke ba a hango lungun baya. Na auna da idona sau uku lokacin da na fita shanya.

Wa yake tura wa saƙo a cikin minti shidan nan? Ni dai ba ni ba ce. Na ji haushi, sannan na ji kunyar jin haushin.

Asabar 9, ƙarfe 1 na rana

Matar mai kemis ta zo awo. Ƙugunta ya ƙaru da inci biyu, ta ce tef ɗina ne ya tsufa. Na ce haka ne, tef ɗin nan duk wadda ya gani sai ya yi mata ƙari.

Ina durƙushe ina auna tsawo ta ce, "Maman Dogo, wai har yanzu yana can wajen kwas ɗin?"

Na ce yana can, don ƙaryar da muke yi wa 'yan unguwa ke nan.

Ta ce, "Allah sarki. Ai wasu abokansa sun shigo shagonmu shekaranjiya suna tambaya. Masu kirki, har da gaisuwa. Suka ce ko yana leƙowa gida." Ta kalli ƙeyata, na ji kallon. "Na ce ni ban sani ba, ni mata nake gani ba samari ba."

Fil uku ne a bakina. Na gode Allah da su, don ba a magana da fil a baki.

Abokan Dogo duk na san su. Na san iyayensu. Babu mai furfura a cikinsu, na mazaunin direba a farar motar nan kuwa yana da ita a gefen kunne.

Litinin 11, ƙarfe 12 da rabi

Injiniyan sabon kamfani ya zo duba wuri. Dattijo ne gajere mai tumbi, da tsani a kafaɗa, bakinsa ba ya hutawa. Ya hau falwaya, ya sauko, ya auna bango, ya ce kebul zai shigo ta saman tagar falo. Ya kalli tsohon akwatin intanet ɗinmu ya yi dariya.

"Hajiya, wannan ai kakan akwatuna ne. A kai shi gidan tarihi."

Na kawo masa ruwa. Na tambaye shi, kamar dai zance ne ya kawo zance, idan an sa sabo, wayoyin da suka saba hawa za su ci gaba da hawa da kansu?

Ya ce a'a. Ya ce waya suna ta sani da kalmar sirri, ba ta san kamfani ba. In sunan ya canja, za ta zo ta wuce kamar ba ta taɓa sanin gidan ba. "Amma in kina so sai in sa wa sabon tsohon suna da tsohuwar kalma. Mutane da yawa haka suke yi, don kada a bi kowace waya ana shigarwa." Sai ya duba takardarsa ya ɗaga gira. "Af. Maigidan ya rubuta a nan, sabon suna, sabuwar kalma. Har ya ja layi biyu a ƙasa."

Layi biyu. Na san layin nan, da shi yake kashe ɗalibi a jarrabawa.

Wato bai ishe shi ba ya hana a faɗi sunan yaro, sai ya share duk abin da yaron ya taɓa. Dogo ne ya raɗa wa intanet ɗin nan suna da hannunsa. Yau na tsani Malam. Na rubuta, ba zan goge ba.

Talata 12, ƙarfe 6 saura kwata

Bai zo ba.

Na zauna da waya a cinya daga ƙarfe huɗu har yanzu. Wayata. Talabijin. Wayata. Talabijin.

Motar tana nan.

Laraba 13, safe

Ban ci komai ba. Malam ma na ga ya ture farantinsa, ya ce ciki. Kowa da nasa cikin.

Alhamis 14, ƙarfe 5 da minti 20

Alhamdulillahi. Alhamdulillahi. Huɗu da minti hamsin da ɗaya, minti huɗu kacal, amma ya zo. Na taka keke har allura ta karye, na ci gaba da takawa babu allura.

Yanzu da hankalina ya dawo, wannan ne zuwansa na ƙarshe a tsohon akwati. Talata mai zuwa zai tsaya kusa da durom ɗin shara, ya ciro waya, ya ga babu gidansu a ciki. Me zai ɗauka? Mun tashi? Mun yafe shi? Ni kuma in zauna a nan kamar makauniya, ban san yana raye ba ko akasin haka. Wannan ɗan sunan da ke fitowa sau biyu a mako, shi kaɗai ya rage mini.

Juma'a 15, ƙarfe 7 da rabi na safe

Na gwada. Yana shan shayi na ce, "Malam, a bar tsohon sunan mana. Masu kawo mini ɗinki duk shi suka sani."

Ya ce, "Su sayi data."

Na ce, "Me sunan ya yi maka?"

Ya ajiye kofi a hankali, ya daɗe yana kallon labulen falo. Na ɗauka zai faɗi wani abu. Bakinsa har ya motsa. Sai ya ce, "Kina ji? Ki bar maganar nan, don Allah." Ya ɗauki jakarsa ya fita ya bar tabaransa a kan tebur, mutumin da bai taɓa manta ko biro ba.

Da ya buɗe ƙofa sai da ya kalli hagu kafin ya fita. Makarantarsu a hannun dama take, motar ce a hagu.

Litinin 18, ƙarfe 3 na rana

An haɗa.

Injiniya ya huda bango, ƙura ta bi mini yadin mutane, ya ba da haƙuri sau goma. Sabon akwatin fari ne, da ƙahoni huɗu. Ya ce wannan ba irin na da ba ne, sabis ɗinsa har bakin titi yana kaiwa. Ya sa sunan da Malam ya rubuta, wasu lambobi ne kawai marasa daɗin ji, irin sunan da malamin lissafi zai raɗa.

Da ya fara naɗe kebul na tsaya a kansa. Na ce, "Injiniya, akwati ɗaya yana ɗaukar suna biyu?"

Ya ce, "Yana ɗauka. Akwai na baƙi."

Na miƙa masa 'yar takarda, tsohon suna da tsohuwar kalma, na rubuta tun jiya na ɓoye cikin gwangwanin maɓallai.

Ya karanta, ya sosa kai. "Hajiya, kada ki haɗa ni da Maigida."

Na ce, "Ka sa masa nasa, ka cika umarni. Wannan na baƙina ne. Ko ni ba ni da baƙi?"

Ya yi dariya ya ce mata ba a iya musu. Minti biyu ya gama. Ya saka mini manhajar sabon kamfani, ya nuna mini inda sunaye ke fitowa. Ya naɗe tsohon akwatin a leda ya tafi da shi.

Motar ba ta motsa ba duk tsawon aikin. Da Injiniya zai wuce da tsaninsa, na ga an sauke gilashi an yi masa magana. Ya tsaya, ya nuna falwaya, ya nuna gidanmu, ya yi dariya, ya wuce. Wataƙila farashi suka tambaya. Mutum ne mai surutu, shi ke nan.

Talata 19, ƙarfe 5 da kwata

Ya hau! Wayar Dogo, huɗu da minti arba'in, a sabon akwati, kamar ba a canja komai ba. Minti goma sha ɗaya, bai taɓa daɗewa haka ba. Na yi dariya ni kaɗai a kicin. Malam da layinsa biyu. Abin da babba ya hango, wani lokaci matarsa ta riga shi.

Abu ɗaya ne. Da, na san inda yake tsaye. Yanzu da sabis ke kaiwa har titi, ban san ta wane gefe yake ba.

Laraba 20, ƙarfe 8 na safe

Malam ya cinye abincinsa tas, har ya nemi ƙari. Ya tsokane ni wai na fara furfura a gira. Rabon da in ga haƙoransa tun kafin ranar nan. Ya tsaya gaban sabon akwatin yana kallon fitilunsa kamar wanda ya sauke kaya daga ka.

Ban gane farin cikin nan ba, kuma bai yi mini daɗi ba.

Alhamis 21, ƙarfe 6 na yamma

Zan rubuta a jere yadda ya faru.

Huɗu da minti talatin da biyar sunan ya fito. Na fara taka keke. Ban yi minti biyu ba aka turo ƙofa, sai ga Malam, a ranar darasinsa, gumi ya jiƙa masa riga, babu jaka. Ya ce shugaban makaranta ya kira shi ya ce wasu mutum biyu sun zo jiya suna tambayar ranakun da yake tashi a makare. An ba su. Talata da Alhamis.

Ya ce, "Amma ba komai. Ya zo shekaranjiya ya tarar babu, ya gane. Ba zai dawo ba."

Sai idonsa ya faɗa kan wayata a gefen keke.

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta zube haka ba. Ya ɗauka, ya kawo kusa da ido, ya karanta.

Ya ce, "Me kika yi?"

Na ce, "Ɗana ne. Kai ka yafe shi, ni ban yafe ba."

Ya ce, "Kin ɗauka ke kaɗai ya saka wa manhajar nan? Mako bakwai ina tsaye gaban allo da waya a aljihu, ina fita kamar zan sha ruwa ina dubawa. Ran Talatar da bai zo ba ban san me na koyar ba." Ya miƙo mini wayar. "Ba ni da hanyar ce masa kada ka zo. Ba layi, ba aike. Hanya ɗaya ce, ya zo ya tarar an rufe, ya san babansa yana cewa ka yi nisa. Na ɗauka ba ki sani ba. Na ce in bar ki da rashin sani ya fi miki sauƙi."

Na ce, "Ni ma haka na ce."

Muka tsaya muna kallon juna, tsofaffin banza biyu, gida ɗaya, gado ɗaya.

Ya je tagar gaba, ya ɗaga gefen labule da yatsa ɗaya. Ya ce, "Mutum ɗaya ne a motar."

Ban san lokacin da na isa falo ba. Na fizge filogin daga soket har murfin ya biyo hannuna. Fitilun suka mutu. Na tsaya da waya a hannu, allon yana cewa babu haɗi. Malam ya nufi ƙofar baya, na riƙe masa riga, don in ya fita ya nuna musu wurin. Ya tsaya. Muka kasa kunne.

Mai gyaran fanka yana gwada wata fanka. Wata mata tana kiran 'yarta. Can sai ƙarar murfin durom, ko kyanwa ce, ko iska. Sai aka tayar da mota, ba da gaggawa ba, a hankali, ta bi ta gaban gidanmu ta sha kwana.

Garin neman gira. Ba zan ƙarasa ba.

Juma'a 22, safe

Mun je lungun tare. Durom yana nan, murfinsa a ƙasa. Babu komai. Na duba ƙasa, ban ma san me nake nema ba.

Asabar 23, ƙarfe 11

Injiniya ya dawo ya gyara soket ya cire suna na biyu. Ni na kira shi, ni na ce ya cire, Malam yana zaune yana kallo. Na tambaye shi me mutanen motar suka ce masa ran Litinin. Ya ce, "Wace mota?" Ya tattara kayansa, ko ruwan bai sha ba. Yau ba shi da surutu.

Intanet ɗin yana da sauri, gaskiya. Hoto kafin ki taɓa ya buɗe.

Talata 26, ƙarfe 5 da rabi

Na san ba abin da zai fito. Ko yana tsaye a bayan katanga, wayarsa ba ta san mu ba yanzu. Duk da haka na zauna na duba. Malam bai je darasi ba, ya jawo kujera kusa da ni, muka duba tare. Wayata. Wayar Malam. Talabijin.

Alhamis 28, ƙarfe 4 da rabi

Matar mai kemis ta zo karɓar ɗinkinta. Ta gwada, ya zauna mata daidai, ta ce tef ɗin ya shiryu. Tana ɗaura ɗankwali a gaban madubi ta ce, "Kin lura 'yan farar motar nan sun daina zuwa? Yau mako guda cur. Kai, mun huta. Unguwa ta yi daɗi."

Na ce mun huta.

Da ta fita na faɗa wa Malam. Ya ce ya lura tun Juma'a. Ya ce wataƙila sun gaji ne, mutum yana gajiya, mako takwas a cikin mota ba wasa ba ne. Ya faɗa sau biyu, na biyun a hankali.

Na ce, "Mai tarko yana ɗauke tarkonsa in ya gaji."

Ya ce, "Haka ne."

Bai tambaye ni ɗaya dalilin da ke sa a ɗauke tarko ba, ni ma ban faɗa ba.

Yanzu ina zaune a tagar gaba, labule a ɗage, ina kallon gaban shagon mai gyaran fanka. Mako takwas ina roƙon Allah Ya kawar mini da motar nan. Yau ba abin da nake roƙo kamar in ga ta dawo.